Permina ya mutu ina Abijan: sabuntawa ake yi ko sai na koma oto-ekol?

Ɗan Bilbis:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, wanda ya sani ya taimaka, wanda bai sani ba ya sa mu a addu'a. Na yi sama da shekara goma a Abijan, bana Allah ya maido ni gida Tawa, kuma da niyyar zama na dawo. Permina na Nijar tsohon nan ne na takarda mai ninki, B da C. Ranar da aka rubuta a gaban C ta wuce tun ina can. A Abijan na yi permin Kodibuwa, da shi nake jan kamiyo tsakanin tashar jiragen ruwa da Yopugon, kuma shi da sauran ransa. Yanzu wani Elhaji zai ba ni kamiyo in riƙa ɗaukar albasa daga Galmi. To sabunta na Nijar ake yi, ko sai na koma oto-ekol na sake kod da kondwit, wato jarrabawar dokokin hanya da ta tuƙi? Ko in ci gaba da na Kodibuwa har ya ƙare? Wani yaro kuma ya same ni a tasha ya ce in ba shi tsohon permin da hotuna da kuɗi, zai kawo mani sabo har gida ba sai na taka ko'ina ba. Ban ba shi ba tukuna.

Baban Halima:
Wa alaikumus salam. Barka da dawowa, ya ka iske gida? Ya mutanenmu na Ajame?

Ɗan Bilbis:
Lahiya lau Baba, duk suna gaishe ku.

Na Tasha:
Kai dai hau motarka ka nemi abincinka. Permin Abijan ai yana aiki. Kullum direbobin Gana da Togo da Burkina suna shigowa ɗaukar albasa da wake da permin ƙasarsu, wa ya taɓa hana su? In ya ƙare sai ka yi tunanin na gida.

Shef mai ritaya:
Na Tasha, waɗanda kake gani baƙi ne masu wucewa. Motarsu lambar ƙasarsu, kart giriz ta ƙasarsu, gidansu can. Shi ɗan'uwanmu ɗan ƙasa ne da ya dawo ya zauna, zai ja mota mai lambar Nijar, a kan hanyar Nijar, mai motar ɗan Nijar. Ba hukunci ɗaya ba ne. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar motoci, wadda Nijar ke cikinta, ta ce ƙasashe su girmama permin juna, amma ba ta tilasta wa wata ƙasa ta ci gaba da karɓar permin waje daga hannun wanda ya maido zamansa cikinta ba. Permin waje rangwame ne ga matafiyi. In ka ajiye kayanka ka ce ka zo gida, takardar gida ake so a hannunka.

Na Tasha:
Shef, da girmanka, abin da ke littafi daban, abin da ke bariyar daban. A hanya ana fahimtar juna.

Shef mai ritaya:
Ana fahimtar juna ran da ba a yi komi ba. Ran da aka yi haɗari aka zo konsta, wato rubuta rahoton abin da ya faru, ba wanda ya san ka.

Maman Nana:
Salamu alaikum. Ni a Yamai nake, aikin asiransi nake yi, kuma abin da Shef ya taɓo shi ne nake so ku tsaya a kansa, domin duk hankalinku ya tafi ga mai usur a bakin hanya. Mai usur abin da zai yi maka bai wuce tara ba, ko ya tura motar furiyer. Wannan kuɗi ne da ake iya biya. Babbar maganar tana ranar haɗari, Allah ya kiyaye.

Asiransin mota a Nijar yana tafiya ne bisa kundin CIMA, wato kundin dokokin asiransi na haɗin gwiwa, wanda ƙasashe 14 na Afirka ke aiki da shi, har da Kodibuwa ɗin da ya baro. A Yawunde aka sa hannu a yarjejeniyar a 1992. Aya ta 200 ce ta wajabta asiransi a kan kowace mota saboda ɓarnar da za ta yi wa wasu. Aya ta 207 kuma ta ba kamfani damar ya rubuta cikin kwantaragi cewa ba ya ɗaukar nauyi idan a lokacin haɗari direba ba ya riƙe da permi mai rai wanda ya dace da irin motar da yake ja. Ku ɗauko takardar asiransinku ku duba ƙananan rubutun nan da ba wanda ke karantawa, za ku gan shi.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne yadda ake aiki da wannan sharaɗi. Ba a hana wanda aka buge haƙƙinsa. Aya ta 210 ta ce ba a kafa wa wanda aka cuta wannan hujja: kamfani zai biya shi, ko ya biya magadansa. Sai dai bayan ya biya, yana da damar ya juyo kan wanda alhakin ke wuyansa ya ce a maido masa kuɗinsa. To ku ƙiyasta kamiyo cike da albasa ya haɗu da hiyas cike da mutane tsakanin Tsarnawa da Ƙwanni. Kuɗin jinya da na rayuka da za a lissafa, gida da gona ba su biyan su. Kun ga asiransin da aka biya duk shekara ya tashi a banza saboda ranar da ta wuce a jikin takarda guda.

Ɗan Bilbis:
Innalillahi. Hajiya, to in na nuna na Kodibuwa mai rai fa?

Maman Nana:
Shi ya sa nake cewa kowane direba a bayyana wa kamfani permin da yake riƙe da shi tun ranar da ake rubuta kwantaragi, a sa kofinsa cikin dosiye. Kundin ya bar ƙofa ga permin da aka bayyana tun farko idan aibinsa na wurin zama ne kawai. Amma ƙanena, me zai kai ka tsayawa gaban alƙali kana jayayya da lauyan kamfani kan fassarar aya, alhali kana iya gyara takardarka tun yanzu? Kuma ka gaya wa Elhajin gaskiyar halin da ake ciki kafin ya miƙa maka makulli. Motarsa ce, sunansa ne a takarda.

Na Tasha:
Ku masu asiransi dama ƙofar da za ku bi ku ƙi biya kuke nema.

Maman Nana:
To kar ka buɗe mana ita.

Malamin oto-ekol:
Bari in raba muku abin, don na ga ana cakuɗa ƙofofi uku. Akwai sabuntawa, ga wanda perminsa ke hannunsa amma ranarsa ta wuce. Akwai duplikata, ga wanda nasa ya ɓata ko ya lalace. Akwai musanya, ga wanda bai taɓa yin na Nijar ba, na waje kaɗai gare shi, yana son a juya masa shi. Ɗan Bilbis ƙofar farko ce tasa. Wucewar rana ba ta share cin jarrabawarka. Lambar da aka ba ka ranar da ka ci tana nan cikin rajista, ita za a nema. Wanda aka ƙwace wa permi ta hanyar shari'a, wannan maganarsa daban.

Sannan ku san abin da haruffan ke nufi, don da yawa suna riƙe da kati ba su san iyakarsa ba. A na moto ne. B ƙaramar mota, wadda nauyinta da kaya bai wuce tan 3 da rabi ba, kujeru kuma ba su wuce 8 ba ban da ta direba. C motar kaya da ta haura wannan nauyi. D motar fasinja da ta haura waɗannan kujeru. E na jan remok. Manyan, wato C da D da E, su ne ake ɗaure wa wa'adi da ganin likita, domin mai su dukiyar mutane da rayukansu yake ɗauka. Kowane harafi da ranarsa, sai ka ga mutum B ɗinsa lafiya lau amma C ya daɗe da mutuwa.

Ɗan Bilbis, kamiyon da za a ba ka, mai remok ne?

Ɗan Bilbis:
A'a Malam, mai ƙafa goma ne, jiki guda.

Malamin oto-ekol:
To C ya ishe ka. Ka tafi da kanka ofishin sufuri na jiha nan Tawa, ka riƙe tsohon permin, kart dantite mai rai, takardar haihuwa, nasiyonalite, hotuna, da takardar likita. Kar ka sayi tambur sai sun faɗa maka na nawa. Su za su ba ka jerin abin da ake nema yau, don irin waɗannan abubuwa suna canzawa, kuma maganar mai ofis ta fi ta zaure. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit.

Ɗan Galmi:
Maganar yaron tasha nika so in yi. Wallahi kak ka ba shi. Ɗan ƙanen babana haka anka yi mishi da ya dawo daga Kamaru. Ya ba da tsohon permi da kuɗɗi, anka kawo mishi kati sabo hul, yana ƙyalli. Ya yi ta aiki da shi hankali kwance. Sai da wani kamfani zai ɗauke shi aiki sunka aika a bincika lambar, anka iske lambar ta wani mutum ce dabam. Ga aiki ya kuɓuce, ga tsohon permin na gaskiya ya tahi da yaron, yaron kuma ko ƙurarshi. Da ƙyar manya sunka shiga maganar ba ta kai kotu ba, don riƙe takardar jabu laihi ne ko da ba kai ka buga ta ba.

Shef mai ritaya:
Hankali ma ya isa ya gaya maka. Sabon kati na zamani hotonka ake ɗauka a wurin, a ɗauki zanen yatsunka. Wanda ya ce ka zauna gida zai kawo maka, yatsun wa zai kai musu?

Na Tasha:
Tsaya Shef. Kar ku yi wa ƴan kamasho kuɗin goro. Ni a tasha na girma, na san su. Akwai ɓarayi cikinsu, ban musa ba. Amma ka ɗauki mutumin da ya fito daga ƙauyen Keita ko Buza, bai yi lakwal ba, duk takardun da Faransanci suke, bai san wace ƙofa ake fara shiga ba, ga kuɗin mota zuwa da komawa, ga kwana a gari. Wa zai riƙe hannunsa? Ku da kuka yi boko abin yana yi muku sauƙi, shi ya sa kuke cewa ya je da kansa.

Malama Ƴar Wadata:
A nan kam Na Tasha ya faɗi gaskiya. Mahaifina direba ne shekara da shekaru, bai iya karanta abin da ke rubuce a perminsa ba, mu muke duba masa ranar. Yawancin direbobinmu na manyan motoci haka suke, a aparanti suka koyi aikin, ba a aji ba. In da ana yi musu bayani da Hausa da Zabarmanci a rediyo, a kuma manna jerin takardu da farashi a bakin ƙofa da manyan baƙaƙe, da kasuwar ƴan damfara ta mutu da kanta.

Shef mai ritaya:
Ban ce kar a nemi ɗan rakiya ba. Wanda zai raka ka, ya cika maka takarda a gabanka, ya nuna maka layi, kai ka miƙa kuɗinka da hannunka a gishe, ka sallame shi da abin goro, wannan aiki ya yi maka. Wanda nake hana ku shi ne mai cewa kawo ka koma gida. Kuma ko wa ka samu, asalin takarda ba ta barin hannunka sai zuwa hannun ma'aikaci, shi ma ya ba ka resepise. Tun yau ka ɗauki hoton permin gaba da baya da salula, ka yi fotokofi ka kai a buga mata hatimi.

Na Tasha:
To a haka mun daidaita.

Ɗan Zongo:
Ni shawarata ka yi permi anternasiyonal kawai. Shi ko'ina yana aiki, ka huta da wannan dogon zance.

Malamin oto-ekol:
Wannan kuskure ne da ya yaɗu ƙwarai. Anternasiyonal ba permi ba ne mai cin gashin kansa, ɗan littafi ne da ke maimaita abin da ke cikin perminka na ƙasa da harsuna daban-daban don ɗan sandan wata ƙasa ya gane. Tare ake nuna su. Samfurin yarjejeniyar Janeba ta 1949 shekara 1 yake yi, na Biyana ta 1968 ba ya wuce shekara 3, kuma ba ya zarce ranar ƙarewar na ƙasa. In uwar ta mutu, shi ma ya mutu. Ba a kuma yin sa don tuƙi a ƙasar da ta ba da shi.

Bagobiri a Legas:
Mu nan Najeriya ba ruwan kowa da dogon tarihi. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke bayarwa, ka zaɓi na shekara 3 ko na shekara 5, ranar na rubuce ɓaro-ɓaro, in ta cika ka koma. Mutum ya saba duba ranar. Ku kuwa tsohon permin takarda ya sa kun ɗauka abin gado ne, har a raba wa magada.

Bazabarmen Harobanda:
Ji wanda ke magana. Bagobiri da mota? Ai ku ko jaki sai an riƙe muku linzami. A fara yi maka gwajin ido kafin ka ba mutane shawara.

Bagobiri a Legas:
Bawana, ka gaishe ni tukuna. Faba-faba ɗin da kake kwandasta a ciki ma ban tabbata tana da birki ba.

Bazabarmen Harobanda:
Tana da shi, ranar Juma'a muke sa mata.

Alhajin Jidda:
Allah ya bar zumunci. Ni abin da zan ƙara, ga ƴan'uwa da ke Saudiyya: permin can yana tafiya ne da iƙama, wato takardar izinin zama, ta manhajar Absher ake sabunta shi. Ran da ka fita fitar ƙarshe, iƙama ta rufe, ba ka da hanyar sabunta shi daga gida. Da yawa sun sake da shi sun bar na Nijar ya lalace a akwati, sun dawo sun rasa duka biyu. Duk wanda ya zo hutu ya ware lokaci ya gyara na gida tun yana da sukuni, kar ya bari sai ranar da aiki ke jiransa.

Ɗalibi a Liyon:
A Faransa kuma wanda ya zo zama shekara 1 kaɗai yake da ita ya yi tuƙi da permin ƙasarsa, bayan nan sai na Faransa. Ɗalibai ne aka ɗauke wa wannan muddin suna karatu. Kuma wanda aka yi wa musanya, asalin perminsa na gida hukuma ke riƙewa. Don haka mai shirin musanya a kowace ƙasa ya ajiye kofi da lambar tun kafin ya miƙa, saboda ranar dawowa.

Ɗan Bilbis:
Jama'a na gode. Amma da na ɗauko takardun ina ɗaukar hotonsu kamar yadda Shef ya ce, sai na ga wani abu. A permin Nijar shekarar haihuwa kawai aka sa, irin ta an haife shi wajajen shekara kaza. A na Kodibuwa an sa 1 ga Janairu. Sunan mahaifina kuma a tsohon permin Mahamadou ne, a kart dantite ɗina ta yanzu Mahamane. Wannan zai kawo matsala?

Shef mai ritaya:
Yawwa, ka iso inda aikin yake. Ranar haihuwar ba ta dame ni ba. Mu duka da aka haifa a gida ba a mataniti ba, aka yi mana takardar haihuwa daga baya a kotu, haka muke, kwamfuta kuma ba ta san wajajen ba, sai a sa wa mutum 1 ga Janairu. Rabin zauren nan ran sabuwar shekara aka haife su. Na Kodibuwa ma ajiye shi gefe, ba shi za ka sabunta ba.

Sunan ne abin dubawa. Da can magatakarda da alƙalami yake rubutawa yadda kunnensa ya ji: Mahamadou, Mahamane, Mamane, duk mutum guda ne a unguwa. Na'ura ba ta san unguwa ba, harafi take kwatantawa da harafi. Tushe shi ne takardar haihuwarka. Ka duba wane suna ne a jikinta. In kart dantite ta bi ta, to permin ne ya kauce, sai ka je kotu a ba ka takardar shaidar cewa mai sunayen nan biyu mutum ɗaya ne, ka haɗa cikin dosiye. In kuwa kart dantite ce ta kauce, ita za ka fara gyarawa. Kar ka yarda wani ya ce zai goge maka harafi a tsohon permin da reza. Takardar da aka kankare ta zama abin tuhuma.

Malama Ƴar Wadata:
Wannan matsalar har yara take bi. Kowace shekara lokacin dosiyen jarrabawa sai mun mayar da iyaye kotu saboda harafi guda.

Ɗan Zongo:
Ni dai na ce a dakata. Tunda mun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, duk takardun nan canza su za a yi, a fito da na AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina. Me ya sa mutum zai kashe kuɗi sau biyu?

Maman Nana:
Fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ranar kuma aka fara fasfo na AES. Amma fasfo daban, permi daban. Permi dama can ba CEDEAO ke ba da shi ba, ƙasa ke ba da abinta. In ya yi haɗari gobe, ba wanda zai karɓi hujjar cewa yana jiran sabon samfuri. Abin da ya shafi CEDEAO a harkar mota shi ne kart burun, asiransin tsallaka iyaka, shi kuma duk mai fita da kaya ya tambayi kamfaninsa abin da ake karɓa a iyakar da zai bi kafin ya yi lodi.

Bagobiri a Legas:
Da ma ba ku fita ba da duk wannan bai taso ba.

Ɗan Zongo:
Kai da ke zaune Legas me ka sani game da abin da aka yi mana lokacin takunkumi? Wuta ma yanke mana aka yi.

Admin:
Jama'a a tsaya nan. Maganar permi ake yi. Mai son siyasa ya buɗe nasa zaren, duk wanda ya ƙara zan goge.

Ma'aikaciyar jinya:
Ni takardar likitan nan nake so in yi magana a kai, don Malam ya ambace ta a jeri kamar tambur. Na san yadda da yawa ke yi: a aika yaro da kuɗi ya karɓo ta, ba a ga mai ita ba. Don Allah yayana kar ka yi haka. Ka haura arba'in, ka yi shekaru kana zaune a kujerar mota, ga shayi mai sukari dare da rana. A auna maka hawan jini da sukari, a duba idonka da gaske. Akwai ciwon hawan ruwan ido da ba ya zafi ko kaɗan, gefen gani yake fara ci, mutum yana ganin gabansa tar amma ba ya ganin abin da ke fitowa daga gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Yanar ido kuma da dare take tona asiri, fitilar mai zuwa ta watse maka a fuska ka daina ganin bakin kwalta. Hanyarmu kuwa kun san ta: amalanke ba fitila, shanu suna tsallakawa, moto ba jar fitila a baya. In tabarau ne a rubuta maka, ba abin kunya ba ne.

Na Tasha:
Tsoron mutane shi ne likita ya ce ba ka iya tuƙi, abincinka ya yanke.

Ma'aikaciyar jinya:
Na sani, kuma ba ƙaramin tsoro ba ne. Amma akasarin abin da ake samu yana da magani: tabarau, ƙwayar hawan jini, aikin yanar ido da ake yi a sallame ka. Wanda ya ɓuya shi ne ke kaiwa inda ba gyara.

Baban Halima:
Ni nan da kuka gani da kaina na aje tuƙin dare. Na yi hanyar Tawa zuwa Arlit tun tana sabuwa, ba inda ban sani ba. Ran da na ga ina rage gudu duk lokacin da mota ta haska ni har sai ta wuce, na ce wa mai motar ya nemi yaro. Ba likita ya gaya mani ba. Ɗan Bilbis, ɗana, ka ji maganar ƴar'uwarka.

Ɗan Bilbis:
Na ji Baba, in sha Allahu.

Ɗan Galmi:
Kuma kak ka yar da na Kodibuwa. Albasarmu ai Abijan da Akara taka zuwa. Wata rana Elhajin na iya ce ma ka kai lodi can.

Ɗalibi a Liyon:
In zai koma can da shi ya fara tambayar makin da ya rage masa. Tun Maris na 2023 Kodibuwa ta fara permi mai maki, 12 ake ba kowa, ana zaftarewa da kowane laifi.

Bazabarmen Harobanda:
Ɗan Bilbis faɗi gaskiya, saura nawa? Ko makin ne ya ƙare ka tuna da gida?

Ɗan Bilbis:
Haha, suna nan ba abin da ya taɓa su. Kewar fura da tsohuwa ce ta maido ni.

Ɗan Bilbis:
Jama'a ga labari. Na je da kaina. An duba lambar an same ta da sunana, ba a ce in sake kod ko kondwit ba. Maganar sunan mahaifi ta taso kamar yadda Shef ya faɗa, takardar haihuwa Mahamane ta ce, don haka kotu zan nufa in karɓo shaidar. Likita ya rubuta mani tabarau, ya ce jinin ya ɗan hau, in rage gishiri in dawo a sake aunawa. Na gaya wa Elhaji komi, ya ce wani zai riƙe motar kafin in kammala. Yaron tasha kuma ya daina gaishe ni.

Maman Nana:
Madalla. In katin ya fito a kai kofinsa wurin mai asiransin motar. Kuma in an rubuta a jikinsa cewa da tabarau kake tuƙi, to su kasance a idonka, ba a aljihu ba.

Na Sabha:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni tawa ta fi tasa. Daga Libiya na dawo, jakata da duk takarduna ta salwanta a hanya kafin mu iso Agadas. Ba ni da permin, ba ni da kofi, lambar ma ban riƙe ba. A Yamai na yi shi da daɗewa. Akwai dabara?

Shef mai ritaya:
Sannu da hanya, Allah ya mayar da alheri. Kai ƙofar duplikata ce taka, amma daga tushe za ka faro. Kwamisariya tukuna, ka yi takardar ɓatan kaya, ka lissafa duk abin da ya ɓata a cikinta. Sai kofin takardar haihuwa a mairi ko kotun da ta yi ta, sai nasiyonalite, sai kart dantite. Da su a hannu za a saurare ka a ofishin sufuri.

Malamin oto-ekol:
Lambar kuma ana iya tono ta. Ka tuna duk inda ka taɓa ajiye fotokofi: wurin da ka yi aikin direba kafin ka tafi, kamfanin asiransi in ka taɓa mallakar mota, sandikan direbobi in ka yi rajista, ko tsohuwar takardar tara da ta rage a gida, don ana rubuta lambar permi a jikinta. Oto-ekol ɗin da ka yi ma in tana nan, suna ajiye rajistar ɗalibansu. In duk babu, cikakken suna da shekarar haihuwa da shekarar da ka ci jarrabawa su za a bi a rajistar Yamai, tunda can aka ba ka.

Na Sabha:
Oto-ekol ɗin a Bukoki take, ban sani ba ko tana nan har yanzu.

Malamin oto-ekol:
Turo mani sunanta da shekarar ta saƙon sirri, kar ka sa a zaure. Ina da abokan aiki a wajen, zan sa a duba maka.